Sandar da Ta Yi Ruku'u

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da na yi yunƙurin gyara wa rana tafiyarta da hannuna. Ko na so mantawa ma babu hali, don har yau in na ratsa kasuwa sai na sami mai gaishe ni da sunan da na samo a wannan rana.

A lokacin ina koyar da ilmin sararin samaniya a jami'a, nan Agadas. Kada sunan ya ruɗe ka ka ɗauka wani babban abu ne. Darasi ne na sa'a biyu a mako da ake ɗora wa ɗaliban shari'a da na harsuna, wai don su fita da ɗan ƙanshin kimiyya a jikinsu. Su ba su roƙa ba, ni kuma ba a ɗauke ni aiki dindindin ba. Bakater nake, wato malamin da ake kira in ana bukatarsa, a manta da shi in an gama. Amma in ka ga yadda nake shiga aji sai ka rantse ni na jera taurarin a sama. Na yi shekara uku a Faransa ina karatun fizik, kuma ban bar kowa ya manta da haka ba. Ba na yin jimla uku ban ce "lokacin da nake can" ba. (Ban taɓa gaya musu cewa rabin shekarun a ɗaki na yi su, ƙudundune cikin bargo ina kewar tuwo ba.)

Duk ilmin da nake taƙama da shi yana cikin kaye guda, wato littafin rubutu, mai baƙin bango, wanda na cika da darussan wani tsohon Bature da ya koyar da ni. Abin da ya faɗa duk na kwashe, saura kaɗan in rubuta har tarinsa. A shafi na biyu akwai jimlar da na ja wa layi biyu da jan bik, wato biro: "À midi, le soleil est au sud. Toujours." Ma'ana, da tsakar rana kullum rana tana kudu da kai, saboda haka inuwarka arewa za ta faɗi. Ina son jimlar nan ƙwarai. Nakan sa aji duka su maimaita ta da ƙarfi, masu gemu da matan aure, kamar 'yan lakwal, wato yaran firamare, ni kuma ina kai da komo a gaban allo ina kaɗa kai.

Kuma ina da hujja. Kowace shekara nakan fitar da su fili in kafa sanda, mu jira tsakar rana, inuwa ta miƙe arewa ɗoɗar, in bi su da kallo ɗaya bayan ɗaya kamar ni na ba ta umarni. Shekara biyu ina haka, sandar ba ta taɓa ba ni kunya ba. Abin da ban kula da shi ba, duka shekarun biyu a lokacin sanyi aka sa darasina. A shekara ta uku yajin karatu ya cinye watanni, aka sake tsarin lokuta, darasina ya faɗo cikin bazara. Ni dai abin da ya dame ni da canjin shi ne zufa za ta ɓata mini wuyan riga.

Na ba su ɗan gwaji a aji, tambaya ta farko kyauta ce: da tsakar rana ina inuwa take fuskanta? Kowa ya rubuta arewa, ban da mutum ɗaya. Ramatu sunanta, ɗalibar shari'a, 'yar tsohon gari. Ta girmi yawancin ajin, a layin gaba take zama, kuma ba ta da surutu. Ita ta rubuta cewa ya danganta da lokaci: da sanyi arewa, amma daga tsakiyar bazara zuwa cikin damina, kudu.

Malamin kirki da sai ya kira ta gefe ya tambaye ta. Ni kuwa sai na ga nama ya faɗo. Na ɗaga takardar sama a gaban aji.

"Wa ya rubuta wannan?" (Ga sunanta ɓaro-ɓaro a saman takardar.)

"Ni ce, Mushe."

Haka ɗalibai ke kiran malami a nan, daga "monsieur" na Faransanci. Da can ban taɓa lura cewa daidai yake da sunan dabbar da ta mutu ba yanka ba. Yanzu na lura.

"A wane littafi kika samo shi, Madam?"

"Ba littafi ba ne, Mushe. Randar innata ce. Akwai katanga a tsakar gidanmu, daga gabas ta yi yamma. Da sanyi randar tana gefen arewa, don can inuwa take. In zafi ya yi zafi sai mu ɗauke ta mu maida gefen kudu. Tun ina ƙarama haka muke yi kowace shekara."

Na cire tabarau a hankali, na goge, na mayar. Na juya ga aji na ce, "To, jama'a, kun ji. Turawa sun ɓata ɗaruruwan shekaru suna ƙera madubin hangen sama, ashe da sun shigo tsohon gari sun gaida randa da sun huta." Aji ya kwashe da dariya. Dariyar ta yi mini daɗi, sai na ƙara: "Madam, ki ce wa Inna ta turo randar ta zauna jarrabawa a madadinki, wataƙila ta fi ki sa'a." Na zana mata zero mai girman ƙwai, na miƙa mata.

"To, Mushe," ta ce, ta zauna. Na ga idonta ya yi ja. Ba zan ɓoye maka ba, a ranar na koma gida ina jin na koyar da darasi mai kyau.

Bayan mako biyu shugaban sashenmu ya kira ni buronsa, wato ofishinsa. Shef muke ce masa. Tsohon alƙali ne da ya ajiye aikin ya dawo koyarwa, siriri, ba ya ɗaga murya, kuma in yana kallonka sai ka fara tuno laifuffukan da ka yi tun kana yaro.

"Ɗana," ya ce, "an ce in rage darussa baɗi, kuma naka aka fara nunawa da yatsa. Ana cewa mai karatun shari'a mi zai yi da taurari. Ni ba na yanke hukunci ban ji daga ɓangare biyu ba. Ran Talata zan zo in zauna a ajinka. In na ga amfaninsa, darasi ya zauna, kai ma in rubuta a ɗauke ka dindindin. In ban gani ba, to."

Wannan "to" ɗin ya hana ni cin abincin rana. Ina da mata da ɗiya biyu a unguwar Dagmanet, kuma na riga na gaya wa surukina an kusa tabbatar da ni. Mutumin nan tun ranar ɗaurin aure bai yarda duban sama aiki ne ba. Sai na tambayi kaina, wane darasi ne ba ya taɓa kuskurewa? Sanda mana. Gani ya kori ji. Muna cikin watan shida na nasara, kuma ko sau ɗaya bai zo mini a rai in gwada abin a tsakar gida ba. Me za a gwada? Yana cikin kaye.

Rana ba ta ƙarya, in ji Hausawa, sai dai uwar ɗiya ta ji kunya. (Ban san ni ne uwar ɗiyar ba.) Talata ta zo. Na sa kwat, na ɗaura karabat a wuya, a cikin wannan zafin da ko akuya ta san ta nemi gindin katanga. Sha biyu da 'yan mintoci na fito da ɗalibai wajen arba'in filin da ke bayan azuzuwa. Aka kawo wa Shef kujera, ya zauna da lemarsa.

Na yi shiri na gani na faɗa. Na kawo sandar ƙarfe da ta fi ni tsawo, na kafa ta cikin rairayi. Na fito da busol, 'yar na'urar nan mai allura da ke nuna jiha, na nuna arewa, na ja dogon layi da toka daga arewa zuwa kudu ta gindin sandar, na rubuta babban N a can, babban S a nan. Sannan, don Shef ya san da gwani yake tare, na ɗaura igiya a kan sandar da ɗan dutse a ƙarshenta, irin yadda magina ke yi. Na ce, "Kun ga igiyar nan ta kwanta a jikin sanda? Ita ce shaidar cewa sandar a tsaye take cak. A kimiyya ba ma yarda da ido, sai da shaida." Na saci kallon Shef, na ga ya gyaɗa kai. Na ji kamar an riga an sa hannu a takardata.

Na bayyana musu cewa tsakar rana ta gaskiya a Agadas ba sha biyu ba ce, sai wajen sha biyu da rabi, lokacin da inuwa ta fi gajarta. (Wannan gaskiya ne. Ina so a rubuta cewa na faɗi abu ɗaya daidai a ranar.) Sannan baki ya ja ni. Na nuna N ɗin na ce, "Sha biyu da rabi inuwa za ta kwanta a nan. In ta faɗi wani wuri ku canza mini suna."

Daga nan na dubi ƙasa.

Inuwar tana yamma, wannan daidai ne, don rana ba ta kai tsaka ba. Amma ta ɗan karkata wajen S. Na ce a raina, za ta zagayo. Na ci gaba da surutu a kan yadda duniya ke juyawa, ido ɗaya a kan ɗalibai, ɗaya a ƙasa. Inuwar tana gajarcewa, tana matsowa wajen layin toka, amma ta gefen da ban gayyace ta ba. Sha biyu da rabi ta buga, inuwa ta kwanta a kan layi sak, 'yar guntuwa da ba ta wuce taki ɗaya ba, kanta yana kallon S.

Akwai wani dogo a ajin, Agali, ɗalibin harsuna, wanda Allah ya hore wa baki. Shi ya fara magana cikin ladabin ƙarya.

"Mushe, pardon, wannan S ɗin na mene ne? Na manta."

"Busol ɗin ne," na ce da sauri. "Ƙarfen sandar ya ja allurar, ta juya."

Kafin in rufe baki salula wajen ashirin sun fito daga aljihu, kowace da busol ɗinta, duka suna nuna arewa inda na rubuta N. Agali ya nuna ɗan masallacin da ke gefen filin ya ce, "Mushe, ga alƙibla can, gabas ke nan. Ko masallacin ma ƙarfen ya ja shi?" Na ce to agogona ne ya yi gaba. Suka nuna mini nasu. Na rasa abin da zan ɗora wa laifi, saura iska da aljanu.

A nan ne ya kamata in ce, "Na yi kuskure." Kalma uku. A maimakon haka sai na ga fuskar surukina, na ga Shef yana rubuta wani abu a 'yar takardarsa, sai shaiɗan ya raɗa mini wata dabara. Na matsa jikin sandar, na ɗora hannu a kanta kamar wanda ya gaji. Na ɗaga ɗaya hannun na nuna sama na ce da ƙarfi, "Ku dubi inda rana take!" (Ka ji basira. Wa zai kalli rana da tsakar rana a Agadas?) Ina nuna sama, ina tura sandar wajen arewa a hankali. Rairayi ya ba ni haɗin kai. Na ga inuwar ta ja jiki, ta shige gindin sanda, ta ɓullo ta gefen N.

"Voilà!" na ce. "Arewa. Haƙuri kawai ake bukata."

Ba wanda ya tafa. Ba ma wanda ke kallon inuwar. Duka idanu suna kan wani abu kusa da gwiwata. Na sunkuya na duba. Igiyata ce, shaidar da na ɗaura da hannuna. Ta rabu da jikin sandar, tana rataye ita kaɗai a sarari, ɗan dutsen yana lilo hankali kwance, tsakaninsa da sanda ya fi taki.

"Mushe," in ji Agali, "sandarka ta yi ruku'u, ga shi ko azahar ba a kira ba."

Ban taɓa jin dariya irin wannan ba. Wasu suka durƙusa a rairayi mai zafi ba su ji ba. Wata ta riƙe ƙawarta tana hawaye. Daga baya wani ya yi ihu, "Randa ta yi gaskiya!" Wani kuma ya tuna musu cewa ni na ce a canza mini suna, nan take aka raɗa mini Mushe Ruku'u, ba rago ba goro. Ni kuwa ina tsaye riƙe da sandar, na kasa sakinta, na kasa miƙe ta. Na roƙi ƙasa ta tsage in shige, amma ta riga ta yi mini alfarma ɗaya a ranar.

Shef ya tashi ya naɗe lemarsa. Ya tako a hankali, ya cire hannuna daga sandar kamar yadda ake karɓe wuƙa daga hannun yaro, ya miƙe ta har igiyar ta koma jikinta. Inuwa ta koma kudu abinta. Ya tsaya yana kallonta, sannan ya ce, "Wace randa ce ake magana?"

Aka nuna Ramatu. Ita kaɗai ce ba ta dariya, kuma wallahi da ta yi da ya fi mini sauƙi. Ya tambaye ta, ta maimaita abin da ta faɗa a aji, katanga da randa, ba ta ƙara ko kalma ɗaya a kaina ba. Ya ce, "An gwada ki a kan wannan?" Ta ce e. "Mi kika samu?" Aji duka suka amsa mata, da irin muryar da na koya musu: "Zero!"

Abin takaicin shi ne na san dalilin. Ina tsaye a wurin ya faɗo mini gaba ɗaya. A cikin kayen nan dai, 'yan shafuka gaba, akwai zanen duniya da layuka biyu, ɗaya sama da tsakiyarta ɗaya ƙasa. Duk garin da ke tsakaninsu, rana takan bi ta kansa ta wuce arewa na wasu watanni, sannan ta dawo. Na zana wannan a allo da hannuna, na sa shi a jarrabawa. Agadas tana tsakanin layukan. Faransa ba ta ciki. Tsohon Baturen bai yi ƙarya ba, a garinsu yake magana. Ni ne na ɗauko inuwarsu na kawo garin da aka haife ni, na yi shekara talatin da wani abu ina taka tawa ban taɓa duban inda ta faɗi ba.

A darasi na gaba na shiga ba kwat. Na kira Ramatu, na soke zeron a gaban kowa, na ce ita ce da gaskiya, ni ne a kan kuskure, kuma abin da na faɗa a kan mahaifiyarta rashin kunya ne. Ta karɓi takardar ta duba, ta ce a hankali yadda 'yan layin gaba kaɗai suka ji, "Ba komai, Mushe. Ban gaya wa Inna abin da ka ce ba." Wannan ya fi dariyar filin ciwo. Mako biyu da wani abu tana rufa mini asiri a gidansu, ni kuma ina ba abokaina labarin randa a wurin shan shayi.

Ran Alhamis Shef ya kira ni. Na shiga buron na tsaya, ya nuna mini kujera.

"Ɗana, ka gamsar da ni," ya ce. Zuciyata ta yi tsalle, wawuya. "In haifaffen Agadas mai takardar Faransa bai san inda inuwarsa take faɗi ba, to lalle garin nan yana bukatar darasin. Na rubuta a bar shi."

"Na gode, Shef, Allah ya..."

"Darasin na ce. Kai ba za ka zauna ba."

Na buɗe baki, ya ɗaga yatsa ɗaya.

"Da kuskure kawai ka yi, da na bar ka. Da ka tsaya a filin nan ka ce ban sani ba, ku zo mu bincika, da shi ne darasi mafi kyau da yaran suka samu bana. Na daɗe ina shari'a. Na ga masu ɓoye shaida, na ga masu sayenta. Ban taɓa ganin wanda ya murɗe ta a gaban alƙali da tsakar rana ba sai kai. Waɗannan gobe su ne za su zauna a kan kujerar da na tashi. Ba zan ba su malamin da ke tura sanda ba."

Na yi masa godiya, don haka aka koya mini, na fita. Darasin yana nan har yau, na ji ma ɗalibai suna sonsa, wata malama ce ke koyar da shi. Ni na cece shi, sai dai ba a gayyace ni bikin ba. Yanzu ina koyar da fizik a wani lise, wato sakandare, mai zaman kansa a bakin gari. Da na gaya wa surukina, bai yi mini dariya ba, ya dai ce, "Allah ya sa haka ya fi alheri," da wata irin natsuwa ta wanda ya daɗe yana jira.

In kana son abin da na koya, ga shi, kyauta. Ranar da gaskiya ta faɗi ta gefen da ba ka so, ka zuba hannuwanka biyu a aljihu, ka tsaya ka sha kunyarka. Ba ta kisa, na gwada. Ni jahilcina bai kore ni ba, an ma so a yafe mini shi. Wayona ne aka kasa haƙuri da shi.